Wa Ya Koya Wa Oga Aikin Oga?

A watan Yunin 2024, lokacin bikin makon ma'aikatan gwamnati a Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni mai kashi biyu. Na farko ya shafi ma'aikatan da suka tattara nasu ya nasu suka koma ƙasashen waje da zama, amma albashi bai daina faɗawa asusunsu ba duk ƙarshen wata. Aka ce su dawo da kuɗin, kuma wannan ɓangaren jaridu suka fi yayatawa. Na biyu kuwa cewa ya yi a hukunta shugabannin sassa da masu kula da waɗannan ma'aikata, tunda a gaban idonsu aka yi ta'asar. Kwanaki kaɗan bayan haka BBC ta kawo labarin wani da ke tuƙin tasi a Birtaniya alhali sunansa yana nan daram cikin masu karɓar albashin gwamnatin Najeriya, bai kuma ɓoye cewa da sanin ogansa aka yi ba.

Kujera ba ta zama wayam shekara guda ba tare da wani ya gani ba. Akwai mai riƙe da littafin sa hannu na safe. Akwai mai raba fayil. Akwai wanda duk ƙarshen shekara zai rubuta cewa wane ma'aikaci ne mai ƙwazo, ya buga hatimi. Wannan mutum ba minista ba ne, ba babban sakatare ba ne, sau da yawa ko darakta bai kai ba. Shi ne shugaban sashe, mai mutum biyar ko goma ko ashirin a ƙarƙashinsa, wanda kowa ke ce wa oga. A asibiti ita ce babbar nas mai kula da ɗakin marasa lafiya, a firamare shi ne hedimasta, a sakatariyar ƙaramar hukuma shi ne shugaban sashen ayyuka ko na lafiya. Idan talaka ya je neman takardar fili ko haƙƙin mahaifinsa na fansho aka ce masa ya dawo gobe, wannan ogan ne ya yarda a faɗa masa haka, ko kuma shi ma ba ya nan.

Abin tambaya shi ne: kafin a ɗora shi a kan mutane, wa ya koya masa riƙon mutane, kuma wa ya gwada shi ya tabbatar ya iya?

Tsanin da ake hawa da shekaru

Mai digiri da ya shiga aikin gwamnatin tarayya kan fara ne daga mataki na 08. Zai yi shekara biyu na gwaji, ya rubuta jarrabawar tabbatar da aiki, wadda ta ƙunshi dokokin aikin gwamnati da ƙa'idojin kashe kuɗi. Daga nan sai lissafin shekaru. Tsakanin mataki na 07 da na 14, shekara uku ake jira kafin a cancanci neman ƙarin girma. Daga na 15 zuwa na 17 kuma shekara huɗu. Babu mataki na 11 a tsarin, daga 10 sai 12. Ke nan wanda komai ya tafi masa daidai zai iya kai mataki na 12 cikin shekara tara, kuma kafin lokacin tuni an jera masa ma'aikata a ƙarƙashinsa.

A tsarin da aka daɗe ana bi, makin ƙarin girma kashi 70 daga jarrabawa ko ganawa yake fitowa, kashi 20 daga rahoton ƙwazo na shekara, kashi 10 daga daɗewa a aiki. Wanda ya haddace dokoki, ya san sunayen hukumomi da abin da ke gudana a ƙasa, zai haye. Babu laifi a sanin doka, dole ne ma. Sai dai babu inda jarrabawar ke zaunar da mutum gaban ma'aikacin da ya saba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi bayan Azahar, a ga yadda zai yi da shi. Babu inda take tambayarsa yadda zai raba aikin mako ga mutum shida, biyu daga ciki sun girme shi, ɗaya kuma ɗan wani babba ne. Injiniya ne ƙwararre, ko akanta mai kaifin lissafi, sai a wayi gari an ce shi ne shugaba, a ba shi ofis da makulli, shi ke nan.

To daga ina zai koyi aikin? Daga ogan da ya yi wa aiki a baya. In ya yi sa'a ya faɗa hannun mai tsari, ya tsira. In kuwa wanda ya rene shi mai kulle fayil ne a durowa ya tafi da makulli, mai tsawa a bainar jama'a, mai aiken ma'aikaci ɗauko yara daga makaranta, to abin da zai gada ke nan, ya kuma gadar wa na bayansa.

Fom ɗin ƙarshen shekara

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san fom ɗin APER, rahoton ƙwazo na shekara. Bisa ƙa'ida ma'aikaci zai cike ɓangarensa, oga ya auna shi a kan abubuwa kamar zuwa aiki a kan lokaci, ingancin aiki da mu'amala da jama'a, su zauna su tattauna, wani babba ya sake dubawa. Yadda abin ke gudana a ofisoshi da yawa kuwa daban ne. Ba a tuna fom ɗin sai jarrabawar ƙarin girma ta matso. Sai ka ga ma'aikaci ya kwaso na shekara uku a haɗe, ya cike nasa, ya rubuta na ogan da fensir, ya shiga ofis ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, fom ɗina ne. Jibi ake rufe karɓa."

Oga ya ɗaga kai, ya jawo biro. "Ka cike komai ko?"

"Na cike, yallaɓai. Sa hannu kawai ya rage."

Minti biyu an gama auna aikin shekara uku. Kusan kowa fitacce ne a takarda, har da wanda ba a ga ƙeyarsa ba tun bayan Sallah. Kada kuma a ɗauka ogan mugu ne ko rago. Tsoro yake ji, kuma tsoron nasa yana da dalili. In ya rubuta gaskiya, za a ce ya tare wa yaro abinci, yaron da ke da mata da 'ya'ya. Za a je gidansa da dare a ba shi haƙuri, a haɗa shi da limamin unguwa ko surukinsa. In yaron yana da uwa a gindin murhu, wataƙila ogan ne zai tsinci kansa a wani ofis da babu ko fanka. Ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake ajiye shaidar aiki wata-wata, ta yadda in ranar rubuta rahoto ta zo takarda ce za ta yi magana, ba son rai ba. Mutumin da ba shi da hujja a rubuce, kuma ba shi da tabbacin na sama za su tsaya masa, sa hannu zai yi ya huta.

Haka abin yake wajen ladabtarwa. Dokokin aikin gwamnati sun shimfiɗa matakai: takardar tuhuma, damar kare kai cikin wa'adi, kwamitin bincike, sannan hukunci daga hukumar da ke da hurumi. Ogan da bai san matakan ba, ko dai ya yi shiru har ɓarna ta yi yawa, ko ya fusata ya tsallake su. In ya tsallake, ma'aikacin ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ta sha mayar da korarru bakin aiki tare da biyansu albashin baya, sau da yawa don kawai ba a bi ƙa'ida wajen korar ba. Sauran ma'aikata suna kallo, sun kuma ɗauki darasi.

Daga Kongo zuwa Badagiri

Ba a ce ba a taɓa tunanin wannan matsala ba. A Arewa ma tunanin ya girmi 'yancin kai. Makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo a 1954, kafin a haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Can ake tura ma'aikatan En'e, ma'aji da malaman hakimai da alƙalai, su koyi riƙon baitulmali da rubuta rahoto da shari'a. Da gwamnatin Sardauna ta ƙudiri aniyar maye gurbin Turawa da 'yan Arewa, a Kongo aka riƙa horar da samarin da za su zama mataimakan Di'o. Abin lura a tsarin wancan zamani shi ne kwas ɗin yana gaba da muƙamin, kuma bayan kwas sai an ajiye saurayi ƙarƙashin wani gogagge, ya bi shi rangadi, ya ga yadda ake sauraron ƙara da duba littafin haraji, kafin a sakar masa gunduma. Ba zamanin mala'iku ba ne, yana da nasa zalunci da son kai. Amma an yarda cewa shugabanci sana'a ce da ake koya.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar Jerome Udoji a 1972, ta miƙa rahoto a 1974. Udoji ya kawo matakan albashi na bai-ɗaya daga 01 zuwa 17, ya nemi a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a kuma daina rahoton sirri da oga ke rubutawa a bayan idon ma'aikaci, a koma wanda zai gani ya sa hannu. A tsakanin nan, a 1973, aka kafa kwalejin ASCON da ke Topo a Badagiri don horar da jami'an gudanarwa. To amma tambayi duk dattijon da ya ga lokacin me ya tuna game da Udoji, zai ce maka kuɗi: ariyas ɗin da aka biya, da babura da rediyoyin da aka saya. Ɓangaren albashi aka aiwatar da gudu, ɓangaren gyaran aiki aka bar shi a takarda.

Sai ga 1975. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma, da yawa ta sanarwar rediyo, ba tare da an saurare su ba. Akwai ɓarayi da ragwaye a ciki, akwai kuma waɗanda ƙiyayya ce kawai ta ci su. Waɗanda suka tsira sun fahimci cewa kujera ba ta da tabbas, kuma da yawa daga masana aikin gwamnati suna danganta ɗabi'ar "tara abinka kafin a kore ka" da wannan shekara. Dokar soja mai lamba 43 ta 1988, zamanin Babangida, ta mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su; kwamitin Allison Ayida na 1994 ya ba da shawarar a warware. Obasanjo ya kawo SERVICOM, shirin inganta hidima ga jama'a, a 2004. 'Yar'aduwa ya kawo wa'adin shekara takwas ga daraktoci a 2009, aka dakatar a 2016, aka dawo da shi a 2023. Duba jerin nan da kyau. Kusan duk rigimar a saman bene ake yin ta, a kan wa zai zama babban sakatare, shekara nawa darakta zai yi. Mai raba fayil a ƙasa ba a cika tunawa da shi ba.

Ina kuɗin kwas ke tafiya?

Makarantu dai akwai su. Ban da ASCON, ga Cibiyar Horar da Ma'aikatan Gwamnati ta Najeriya a kan hanyar Kubwa a Abuja, ga cibiyoyin horarwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri, Ilori, Legas, Inugu da Kalaba, ga kuma cibiyar Kuru kusa da Jos da aka kafa a 1979, inda manya ke shafe watanni su fito da haruffan mni a bayan suna. Ƙananan hukumomi ma ana cire kashi ɗaya cikin ɗari na kasonsu da sunan horar da ma'aikata.

Matsalar ita ce ma'anar da kalmar kwas ta ɗauka a bakin ma'aikata. In ka ji ana rububin shiga jerin masu tafiya bita, da wuya ka ji ana tambayar me za a koyar. Kwana nawa ne, a wane gari, nawa ne alawus, su ne tambayoyin. Bitar kwana biyar a otal takan koma ta kwana biyu: ranar farko buɗe taro da jiran babban baƙo, rana ta biyu a karanta takardu uku, a ci abinci, a raba jaka da satifiket. Kowa ya samu satifiket, har wanda direbansa ne ya sa masa hannu. Wa aka zaɓa ya tafi? Wanda ke kusa da mai zaɓen. Akwai ma'aikacin da zai yi shekara goma sha biyar bai taɓa zama a aji ba, akwai wanda duk wata uku yana hanya. Ba a cika tambayar wanda ya dawo abin da ya canja a teburinsa ba.

Abin mamaki, ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga inda ake yin abin daidai. Soja ba ya ɗora wa mutum jagorancin dakaru don kawai ya daɗe. Kwalejin Jaji da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, wadda aka kafa a 1976, tana da kwas na ƙananan hafsoshi da na manya, ana cin sa ana kuma faɗuwa, sakamakon yana bin mutum cikin fayil ɗinsa har ƙarshen aikinsa. Gwamnati ɗaya ce ke biyan sojan da ma'aikacin farar hula.

A Amurka, dokar gyaran aikin gwamnati ta 1978 ta tanadi lokacin gwaji na musamman ga duk wanda aka fara ba shugabancin ma'aikata. In ya kasa, ba korarsa ake yi ba, ana mayar da shi aikin da ba na shugabanci ba, ba tare da ya faɗo ƙasa da matakin da ya baro ba. Tun 2009 kuma ƙa'ida ta wajabta a horar da sabon shugaba cikin shekararsa ta farko, a sake sabunta masa aƙalla duk shekara uku. A matakin jihohi, Jojiya ta fara wani shiri a 1976 na ba manajojin gwamnati takardar shaidar ƙwarewa, wanda jihohi da dama suka ɗauka daga baya. Ana neman sa'o'i 300 na karatu, kuma sai mutum ya ɗauki wata matsala ta gaske a ofishinsa ya warware ta, ya kare aikin a gaban masu dubawa. Amurkawa ma suna kuka da ogannin da ba su iya ba, tsarin bai kawar da hakan ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne akwai ƙofar shiga, akwai kuma ƙofar fita wadda ba ta wulaƙanci ba.

Sabon tsari a tsohon hannu

Shirin gyaran aikin gwamnatin tarayya na 2021 zuwa 2025, wanda aka fara zamanin Dakta Folasade Yemi-Esan, Didi Esther Walson-Jack kuma ta gada a matsayin shugabar ma'aikata a watan Agustan 2024, ya taɓo wannan wuri. Ya ƙunshi horo na dole mai jarrabawa a matakai daban-daban, da wani shiri na zaƙulo haziƙan jami'ai masu matsakaicin muƙami a rene su don shugabanci. Mafi girma, an yanke shawarar jingine APER a koma sabon tsarin auna ƙwazo, inda oga da ma'aikaci za su zauna a farkon shekara su amince da abin da za a cim ma, a riƙa waiwaya lokaci-lokaci, a ƙarshe a ba da maki bisa abin da aka gani.

Tunani ne mai kyau, kuma shi ne kusan abin da Udoji ya nema shekara hamsin da suka wuce. Sai dai duk nauyinsa a wuyan mutum ɗaya yake, wato ogan nan da ke sa hannu cikin minti biyu. Shi zai tsara wa akawun rajista abin da za a auna shi da shi. Shi zai kira ma'aikaciyar da ta girme shi ya ce, "Hajiya, aikin watan nan bai kai ba, ga inda aka samu giɓi," ya faɗa ta yadda gobe za ta zo ta gyara, ba ta kai ƙararsa ba. Wanda bai iya wannan da biro ba, kwamfuta ba za ta iya masa ba. In ba a horar da shi ba, abin da za a samu shi ne APER ɗin jiya a kan allon kwamfuta, kowa fitacce, sai dai yanzu ba a sayen fom.

Haka tsarin biyan albashi na IPPIS, da aka fara a 2007 don maganin ma'aikatan bogi. Ya kama sunaye da yawa da babu masu su. Amma na'ura ba ta san wanda ya zo ofis ya zauna ba, ba ta san mai tasi a Birtaniya ba. Wannan sai ido, idon kuma na oga ne.

Jihohi sun fi tarayya buƙatar wannan magana, domin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da talaka ke gani kullum nasu ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, aka yi ta ce-ce-ku-ce da ƙungiyar malamai. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana adawa, akwai tambayar da ba a cika yi ba. Kowane ɗaya daga cikin malaman nan yana da hedimasta, yana da mai duba makarantu, yana da sakataren ilimi. Shekara da shekaru suna rubuta musu rahoto. Me suka rubuta?

Takardar da za ta yi cizo

Najeriya ba ta rasa satifiket ba, bangon ofisoshi cike yake da su. Saboda haka duk mai kiran a kawo takardar shaidar shugabanci dole ya yi hattara, kada ya buɗe wa 'yan kwangilar bita sabuwar kasuwa. Takardar da ta cancanci wahala ita ce wadda za a iya faɗuwa wajen nemanta, wadda kuma ba a ba mutum sashe sai da ita. A gwada shi da aikin gaske: ga fayil ɗin ma'aikacin da ya yi wata biyu ba ya zuwa, rubuta masa takardar tuhuma, ga mutum takwas da aikin wata, raba, ga mai ƙorafi a bakin ƙofa yana faɗa, saurare shi. Bayan ya ci, a ba shi shekara guda yana riƙo, wani gogagge daga wata ma'aikata yana leƙa shi, a kuma tambayi na ƙasa da shi a asirce yadda suka gan shi. Wanda ya kasa ya koma aikin da ya ƙware a kai da albashinsa cikakke. Likita nagari ko injiniya nagari ba dole ne ya zama shugaba nagari ba, kuma bai kamata a ce hanyar cin gaba ɗaya tak da yake da ita ita ce a ɗora shi a kan mutane ba.

Akwai sharaɗin da in babu shi duk wannan aikin banza ne. Ogan da ya rubuta gaskiya a kan ɗan gata, sai na sama sun tsaya masa. In aka ɗauke shi aka jefa wani lungu saboda waya ɗaya daga gidan wani babba, kowane shugaban sashe a ma'aikatar ya gama karatunsa a ranar, kuma babu kwas ɗin Badagiri ko Kubwa da zai goge shi.

Ma'aikacin gwamnati yana barin aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Waɗanda ke mataki na 10 da na 12 a yau su ne daraktocin gobe, kuma yanzu haka suna koyon shugabanci daga duk wanda Allah ya haɗa su da shi. Ofishin shugabar ma'aikata ta tarayya da na shugabannin ma'aikata na jihohi su fara daga nan: a ware kaso bayyananne na kuɗin horo ga shugabannin sassa, a buga sunayen waɗanda suka je da sakamakonsu a allon sanarwa na ma'aikata, a kuma daina miƙa wa kowa makullin sashe kafin a gwada shi.